Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sharhi Kan Amoniya da Gurɓacewar Ruwa a Sabon Tankin Kifi

Wata Asabar a watan Afrilu, hantsi bai gama ɗagawa ba, ɗan yayata ya kira ni daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi, muryarsa na rawa.

"Kawu, don Allah ka taho ka duba man ruwan ga. Shekaranjiya garau yake, yau ya koma awa ƙasari."

Na tarar da shi tsugune a bayan ɗaki, ƙarƙashin dogon yaro, yana leƙen tankin tamfol mai cin lita 1,000. Kwana tara ke nan da ya zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki. A gefe ga wata shuɗiyar durom da ya cika da soso da tsakuwa a matsayin matacin ruwa, ɗan ƙaramin famfo na jan ruwan tankin yana bi ta cikinta yana komawa. Ruwan kuwa ya yi fari-fari, ba ka ganin tafin hannunka in ka nutsa shi zuwa gwiwa. Kifayen sun taru a sama sun tsaya tsaye, kai sama jela ƙasa, abincin safe yana yawo a tsakaninsu babu mai kallonsa.

Kafin zuwana ya riga ya yi "magani" iri uku. Ya kwashe soso da tsakuwar durom ya wanke su tas da omo. Ya fasa kafso huɗu na maganin ƙwayoyin cuta ya barbaɗa. Ya watsa gishiri cikin hannu biyu. Wani maƙwabcinsa kuma yana tsaye da ƙullin kanwa, yana cewa ita ce za ta "kashe tsamin ruwan".

Abin da ya same shi yana samun kusan duk wanda ya fara ajiye kifi a wuri matsattse, ko tarwaɗa ce a tamfol da kwamin siminti, ko kifin ado a akwatin gilashi irin wanda ake gani a otal da ɗakunan jira. Masu wannan sana'a a duniya sun san abin sosai, har suna kiransa ciwon sabon tanki. Matsalarsa guda ce: abin da ido ke gani, wato farin ruwa, shi ke tayar wa mutum hankali, alhali mai kisan ba shi da launi. Wanda ya bi ido sai ya yi ta gyaran da ke ƙara ɓata lamari.

Aikin da kogi ke yi a ɓoye

Kabawa ba baƙin kifi ba ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa su na girmamawa, bikin kamun kifi na Matan Fada ya zama abin da aka san ƙasar da shi, har hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Masunci na kwarin Rima zai iya gaya maka inda giwan ruwa ke kwanciya da lokacin da ƙarfasa ke hawa fadama. Sai dai duk wannan sani na kamu ne. Ba a taɓa jin masunci ya kwana yana tunanin inda kashin kifi da fitsarinsa ke zuwa ba, don kogi ya ɗauke masa wannan nauyi.

Kogi na yin haka ta hanya uku. Ruwansa mai yawa ne kuma yana tafiya, don haka ƙazanta na narkewa ta wuce. Ciyawar fadama da gansakuka na shanye wani kaso a matsayin taki. Sannan a jikin kowane dutse, kowane saiwa da kowace ƙwayar laka akwai ƙananan halittu da ke cin gubar su mayar da ita abu marar lahani. Wanda ya ɗebi ruwan burtsatse ya zuba a sabon tamfol ya samu ruwa, amma cikin ukun nan bai samu ko ɗaya ba.

Ko a fadama, in ruwa ya janye da rani ya bar kududdufai, kifin da ke jurewa kaɗan ne. Gaiwa na shiga laka ta lulluɓe kanta, jikinta ya daina zubar da amoniya ya riƙa mayar da ita yuriya yana tarawa har damina ta dawo. Tarwaɗa kuma tana da wani sashe a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da shi. Wannan ƙarfin hali nata ne ya sa ta zama kifin kiwo na farko a Najeriya, shi ne kuma ke yaudarar masu kiwo. Tana iya rayuwa a ruwan da zai kashe ƙarfasa a kwana ɗaya, amma rayuwa daban, girma daban. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a 2010 ya nuna cin abincin tarwaɗa da girmanta na raguwa tun kafin amoniya ta kai matakin kisa, ya kuma ba da shawarar kada ɓangaren amoniyar da ya fi guba ya wuce miligiram 0.34 a lita. Ga yawancin kifin ado kuwa, iyakar da aka saba bayarwa ba ta wuce 0.02 zuwa 0.05 ba.

Daga ina gubar ke fitowa?

Daga abinci take fitowa. Abincin kifi cike yake da furotin, furotin kuma na ɗauke da sinadarin naitirojin. Abin da jikin kifi bai gina tsoka da shi ba yana fitar da shi a matsayin amoniya, mafi yawa ta jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi. Ragowar abincin da ya nutse, da kashi, da mushen kifin da ba a tsame ba, duk suna ruɓewa su ƙara.

Ƙiyasin da masu kiwo ke aiki da shi shi ne kowane kilo ɗaya na abinci mai yawan furotin yana haifar da giram 30 zuwa 40 na amoniya. A tankin lita 1,000 da ake zuba wa giram 200 na abinci a yini, ana ƙara kusan miligiram 7 a kowace lita kullum, in babu abin da ke cire ta. Akwatin gilashi mai lita 60 da ake ba giram 2 kacal yana samun sama da miligiram 1 a lita kowace rana. Cikin mako guda lissafin ya kai inda ba a so.

Manomin shinkafa na fadamar Kebbi ya san wannan sinadari, ko da bai san sunansa ba. Buhun yuriya da yake saya da tsada da amoniya ake yin sa, kuma in ya shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa amoniya yake komawa kafin shuka ta amfana. Abin da shinkafa ke nema ruwa a jallo shi ne ke ƙone wa kifi wurin numfashi.

A nan akwai wani sirri da ya kamata kowane mai tanki a ƙasar zafi ya riƙe. Amoniya a ruwa kashi biyu ce: akwai mai guba sosai, akwai mai sauƙin lahani, kuma yawancin kayan awo jimillar biyun suke nunawa. Abin da ke raba su shi ne zafin ruwa da ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa-kanwa. A ruwa mai zafin digiri 30, in pH na kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 7. A 8.5 ta kai kusan kashi 20, a 9 kuma ta doshi rabi. Ke nan mutum biyu na iya auna miligiram 2 a tankunansu, na ɗaya kifinsa na cin abinci lafiya, na ɗaya kuma na mutuwa, don in pH na farko na kan 7, na biyun kuma 8.5, gubar da ke ruwan na biyun ta ninka ta farko kusan sau 25.

Wannan ne ya sa na fara karɓe ƙullin kanwar nan kafin komai. Kanwa, toka da farar ƙasa duk suna ɗaga pH. Zuba su a ruwan da amoniya ta taru daidai yake da hura wuta a ɗakin da man fetur ya zube. Haka kuma sabon kwamin siminti: yana fitar da ruwan kanwa-kanwa na tsawon kwanaki, shi ya sa gogaggun masu kiwo ke jiƙa shi mako ɗaya ko biyu, su zubar su sake cikawa, kafin kifi ya shiga. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, haɗarin ya fi yawa, don zafi na ƙara kason gubar yana kuma rage iskar oksijin. Ruwa mai digiri 20 na iya riƙe miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 kawai.

Garke na biyu

Duk mai tanki da matacin ruwa dabbobi iri biyu yake kiwo. Garke na farko shi ne kifin da ya biya kuɗi ya saya. Na biyu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikin soso, tsakuwa da bangon tanki, kuma su ne masu shara. Wani rukuni nasu na mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne. Wani rukunin ya mayar da naitirait ya zama naitiret, mai sauƙin lahani, wanda ake ragewa da canjin ruwa ko shuka ta shanye.

An daɗe da gano wannan. A 1877 wasu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, sun riƙa tsiyaya ruwan kwata ta cikin dogon bututu cike da yashi da farin dutse. Kwana 20 na farko ruwan na fita da amoniyarsa yadda ya shiga. Daga nan sai ta fara ɓacewa, naitiret na bayyana. Da suka saka sinadarin kulorofom aikin ya tsaya cak, da suka zuba ruwan jiƙon ƙasar lambu ya dawo. Suka gane cewa mai rai ne ke aikin. A 1890 Sergei Winogradsky, yana aiki a Zurik, ya ware ƙwayoyin, waɗanda aka sani da Nitrosomonas da Nitrobacter. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 1998, Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a akwatunan kifin ruwan daɗi Nitrospira ce ke yin mafi yawan zango na biyu. A 2005 kuma aka ware wata ƙwayar halitta mai cin amoniya, wadda ba ma bakteriya ba ce, daga wani tanki na gidan nunin kifi na birnin Siyatul. Tankin kifi dai ya koyar da masana kimiyya abubuwa da yawa.

Kwana 20 ɗin nan na Faransa su ne darasin. Waɗannan ƙwayoyi masu jinkirin haihuwa ne. Bakteriyar da ke ruɓar da abinci na iya ninka yawanta cikin ƙasa da awa ɗaya, su kuwa sai sun yi kusan yini guda ko fiye kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa sabon mataci ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna, wani lokaci har 8. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: amoniya ta hau a mako na farko da na biyu, tana sauka naitirait ya hau, shi ma ya daɗe kafin ya sauka, sannan naitiret ya fara taruwa. Mutane da yawa na tsallake zangon farko su saki jiki, sai na biyu ya kwashe musu kifi. Naitirait na shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kifi na haki a cikin ruwan da ke cike da iska.

Garken nan na da bukatunsa. Yana son wurin maƙalewa, don a jikin abubuwa yake zaune, kaɗan ne ke yawo a ruwa. Yana cin oksijin da yawa, kusan giram 4.6 ga kowane giram na naitirojin da ya sarrafa, don haka in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya na sa'o'i masu yawa, yana galabaita. Yana son ɗumi, digiri 25 zuwa 30, abin da yanayinmu ke bayarwa kyauta in ban da darare na hunturu, lokacin da aikin ke ja da baya. Aikinsa na sa ruwa ya riƙa karkata ga tsami sannu a hankali, in kuma pH ya faɗi ƙasa da 6.5 sai ya yi sanyi. Kulorin na ruwan famfo, sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta duk suna hallaka shi. Da omo da kafso huɗu, ɗan yayata ya karkashe 'yan ma'aikatan da suka fara taruwa a duromarsa cikin kwana tara, ya koma ranar farko.

Gurɓacewa launi uku ce

Hanya mafi sauƙi ta gane irin wadda ta same ka ita ce ka ɗebi ruwan a kofin gilashi, ka ɗaga shi a gaban farar takarda, sannan ka ajiye shi ya kwana.

In fari ne kamar ƙasari ko ruwan wankin shinkafa, kuma ya kwana bai kwanta ba, bakteriyar ruɓa ce ta yi ambaliya. Ta samu ragowar abinci, babu mai gasa da ita, sai ta cika ruwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita ba guba ba ce, kuma ba ita ce garken da ake jira ba, ko da yake mutane na ruɗa su. Illarta biyu ce: tana cinye oksijin, tana kuma ƙara amoniya daga abin da ta ruɓar. In aka rage abinci aka ƙara iska, takan lafa da kanta cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. In aka zubar da ruwa duka aka cika sabo, sau da yawa takan dawo kamar ba a yi komai ba.

In kore ne, gansakuka ce mai yawo, wadda rana da taki suka haifar. A tafkin ƙasa mai ƙarfasa ana ma son ta daidai gwargwado, don abinci ce kuma tana shan amoniya. A tanki ƙarami kuwa tana da fuska biyu. Da rana tana zuƙe iskar kabon daga ruwa, pH ya hau, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, daidai lokacin da ruwa ya fi zafi. Da dare kuma ita ma numfashi take yi, oksijin ya yi ƙasa gab da asuba. Wanda kifinsa ke mutuwa da la'asar ya binciki amoniya da pH, wanda nasa ke mutuwa da asuba ya binciki iska. Maganinta inuwa ce da rage taki. Akwatin gilashi kuwa a janye shi daga bakin taga.

In ja ne ko ruwan ƙasa, kuma da safe ka ga ya kwanta a gindin kofi, laka ce ko ƙurar tsakuwar da ba a wanke ba. Ruwan kogi da damina haka yake zuwa. Wani ruwan burtsatse kuma yakan fito garau, sai ya sha iska ya yi ja saboda ƙarfen da ke narke a ciki. Irin wannan ana tara shi a wata durom daban ya kwana ya kwanta, a ɗebi na sama. Alif da 'ya'yan zogale da mata ke tace ruwan sha da su suna kwantar da laka, amma a waccan durom ake amfani da su, ba a cikin kifi ba, don alif na saukar da pH farat ɗaya. Kuma babu ɗayansu da ke cire amoniya. Ruwa na iya zama garau kamar hawaye yana ɗauke da gubar da za ta share tanki.

Inda ra'ayi ya rabu

Gardama mafi tsufa a wannan fage ita ce ta canjin ruwa. Wasu na cewa kada a taɓa ruwa yayin da mataci ke nuna, don za a zubar da bakteriya a kuma hana ta abinci. Wasu na cewa a canja kullum. Kowane ɓangare na da gaskiya a wurinsa. In babu kifi a tankin, babu dalilin canji, sai dai in amoniya ta yi yawan da zai danne su kansu ƙwayoyin. In akwai kifi, ransa ne a gaba. Tunda ƙwayoyin a jikin soso suke, canja kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwa ba ya kwashe su, kuma kifin na ci gaba da samar musu abinci kowane lokaci. Lissafin a fili yake: in awo ya nuna 4, canjin rabi ya mayar da shi 2, wani rabin washegari ya kai shi kusan 1. Sharaɗin shi ne sabon ruwan ya zama marar kulorin, zafinsa kuma ya yi kusa da na tsohon. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu ana buga masa iska, ko a saka masa maganin cire kulorin.

Akwai kuma wani rabe-raben da ake yawan mantawa. Yawancin kwamayen tarwaɗa a gidajenmu ba su da mataci ko kaɗan. A irin wannan tanki, jiran "ruwa ya nuna" yaudarar kai ce, don ɗan abin da ke jikin bango ba zai iya da kashin ɗaruruwan tarwaɗa ba. Mai irinsa canjin ruwa ne kogin da yake da shi, daga ranar farko har ranar sayarwa, kuma yawan canjin na ƙaruwa yadda abinci ke ƙaruwa. Shawarar da ta dace da akwatin gilashi mai mataci na iya kashe kifinsa, tasa kuma na iya hana mataci nuna har abada.

Gardama ta biyu ita ce ko a fara da kifi ko babu kifi. A ganina ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar sayen kifi ya cika tanki, ya kunna famfo, ya riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum yana ruɓewa, yana awo. Ranar da ya ga amoniya da naitirait na komawa sifili cikin awa 24, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya nuna. Sai ya shigar da kifi kaɗan-kaɗan, don garken ɓoye daidai abincin da ya saba samu yake girma. Hanya mafi sauri ita ce aron tsohon soso ko tsakuwa daga tankin da ya daɗe yana aiki lafiya, a kawo shi a jiƙe cikin ruwansa, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon kindirmo ya kama sabuwar madara. A tabbata dai kifin can ba shi da cuta. Lakar kogi ma na ɗauke da ƙwayoyin, amma takan zo da matsattsaku da tsutsotsi. Bakteriyar kwalba da ake sayarwa kuwa, wata na aiki wata ba ta yi, kuma kwalbar da ta sha zafin mota da na shago ba abin dogaro ba ce.

Sai gishiri, wanda kowa ke gudu gare shi. Ba ya yi wa amoniya komai. Amfaninsa a kan naitirait ne, don sinadarin kulorayid da ke cikinsa na tare hanyar da naitirait ke bi ya shiga jini. Abin da ake bukata kuma kaɗan ne: kusan giram 17, wato cokalin cin abinci ɗaya a shafe, ga lita 1,000 a kan kowane miligiram ɗaya na naitirait da awo ya nuna. Maganin ƙwayoyin cuta kuwa, kifin da guba ke ƙonawa ba shi da cutar da kafso zai warkar. Zuba shi barkatai na kashe mataci, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magungunan da mu kanmu za mu nema a asibiti.

Duk wannan bayani ba ya aiki sai da awo. Kayan gwajin ɗigo na amoniya, naitirait da pH ana samun su a shagunan kayan kiwon kifi na manyan birane da kuma ta intanet. Mai neman horo na sosai yana da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, a bakin tafkin Kainji, wanda ruwansa ya taɓo har ƙasar Yawuri.

Abin da muka yi a Badariya

Muka tsame matattu. Muka sa tiyo muka zuƙe ƙazantar da ta kwanta a gindi, muka rage rabin ruwan, muka cika da na burtsatse da ya kwana a durom. Na sa shi ya ɗaga bakin bututun da ke dawo da ruwa sama, ya riƙa zubowa yana fantsama don ya sha iska. Muka ƙara zana a gefen da rana ke bugawa da yamma. Sannan na ce kada ya ba su abinci kwana biyu.

"Haba Kawu! Ga ciwo ga yunwa? Ai sai su ida mutuwa."

"Kifi mai lafiya na yin kwanaki bai ci ba, ɗana. Kowace ƙwayar abinci da ka jefa yanzu, guba ka jefa."

Ya yi shiru, da alama bai gamsu ba, amma ya bi. Bayan kwana biyu ya koma ba su rabin abin da ya saba, yana tsame duk abin da ba su cinye ba cikin 'yan mintuna. Wani abokinsa da ya shekara yana kiwo ya ba shi guntun tsohon soso, baƙi wuluk, mai warin ƙasar da ruwan sama ya jiƙa. Da farko ya so ya wanke shi, na hana. In soso ya toshe, a matse shi a bokitin ruwan tankin kawai, kuma ba duka a rana ɗaya ba.

Farin ruwan ya washe a kwana na biyar, ya kira ni da murna yana cewa an gama. Na ce ya auna. Naitirait ne a sama. Ya ci gaba da canja kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu, yana mayar da ɗan gishirin da ya fita da ruwa. Ya rasa wasu kifayen, mafi yawa a makon farko. A mako na biyar kwalaben gwajin biyu suka nuna sifili.

Ruwan da yake zubarwa yanzu ba ya tafiya kwata. Ya ja masa 'yar hanya zuwa wani fegi a gindin katanga, inda mahaifiyarsa ta shuka alayyafo da yakuwa. Ranar da na koma, na tarar da ita tana tsinkar ganye, shi kuma yana tsaye da kofin gilashi a hannu yana ɗaga shi ga haske. Ruwan garau yake. Duk da haka sai da ya ɗauko kwalbar gwaji ya ɗiga.